Tallafi ko Rumbun Mai: Wane Alkawari Ne Zai Iso Sakkwato?

Gardamar ta tashi ne bayan la'asar, a majalisarmu ta gindin dogon yaro a Mabera. Wani kawuna da ke noman albasa a fadamar Kware ya shigo gari sayen man injin ban ruwa, ya zauna yana lissafin abin da jarka biyu suka ci masa, sannan ya yanke hukunci: "Ni duk wanda zai maido muna tallafi shi za ni zaɓa, ko daga wace jam'iyya ya fito." Wani yaro ɗan kabu-kabu, mai yawan bin labarun duniya a waya, ya ce, "Kawu, tallafi ya tafi ke nan. Rumbun mai za a yi muna irin na Amurka. Su can da mai ya yi tsada sai shugaba ya buɗe rumbu, farashi ya sauko." Kawu ya dube shi ya ce, "Ɗana, rumbun hatsi ma ka ga yadda aka yi da shi, balle na mai?"

Aka yi dariya aka tashi salla, amma maganar ta bi ni har gida. Waɗannan alkawura biyu za mu sha jin su kafin zaɓen 2027, kuma masu yin su za su riƙa gwama su kamar abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Tallafi maganin tsada ne, rumbu kuwa maganin ƙaranci. Wanda ke fama da ciwon ciki aka ba shi maganin ido bai warke ba, ko da maganin mai kyau ne.

Bari in fara da na Kawu, kuma in yi masa adalci, don masu sukar tallafi daga ofisoshi masu sanyi sukan manta abin da talaka ya rasa. Ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Cikin kwanaki kaɗan ta haura 500 a gidajen man Arewa, a watan Yuli ta kai 617 a Abuja, kuma zuwa Oktoban 2024 ta zarce 1,000. Albashi mafi ƙanƙanta ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, wato ya ninka sau biyu da ɗoriya, mai kuwa ya ninka sau biyar. Manomin rani da ɗan kabu-kabu ma ba su cikin lissafin albashi. Don haka idan Kawu ya ce rayuwa ta fi sauƙi a da, gaskiyarsa ce, ba ya buƙatar masani ya tabbatar masa.

Akwai kuma wani gata da mu mutanen nesa muka rasa wanda ba a cika ambatonsa ba. A 1975 aka kafa asusun daidaita farashin mai, wanda ya riƙa biyan masu tankoki kuɗin dakon mai daga bakin teku zuwa cikin ƙasa, don lita ta zama kuɗi ɗaya a Legas da Sakkwato. Tsakaninmu da Legas tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce. Da aka saki farashi, kuɗin dizal ɗin tanka da ladan direba da abin da ake ajiyewa a shingayen hanya duk suka dawo kan litar da kake saye. Shi ya sa har gobe man Sakkwato ya fi na Legas tsada, kuma ba sharrin masu gidajen mai ba ne kaɗai.

To amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: sau nawa muka sayi mai a farashin gwamnati a zamanin tallafin? Na tuna farkon 2022, lokacin da aka shigo da gurɓataccen mai ƙasar nan, layuka suka yi makonni. Na kwana a layi a wani gidan mai, da gari ya waye aka ce an ƙare, kuma a kan idona aka cika jarkoki ta bayan gini. Da hantsi na sayi man nan a hannun 'yan bumburutu, a gefen titi, da ninkin kuɗinsa. Gwamnati ta biya tallafi a kan litar, ni ma na biya farashin da ya fi na kasuwa. Wani na tsakiya ya ci biyu.

Ga kuma iyaka. Daga Sakkwato zuwa Illela ba ta kai tafiyar sa'a biyu ba, kana tsallakawa kana Birnin Ƙonni. Muddin mai ya fi araha a wannan gefe, zai bi daji ya tsallaka, a bayan babur ko a cikin tankin mota da aka faɗaɗa. A Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka. Fasa-ƙwauri bai tsaya ba, sai dai mutanen garuruwan iyaka, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, suka koma yin doguwar tafiya neman man da za su zuba a babur. Alƙaluman hukuma sun nuna ana "shan" kimanin lita miliyan 66 a kullum kafin cire tallafi, bayan cirewa suka faɗo ƙasa da miliyan 50. Wani ɓangare mutane ne suka ajiye motoci, wani ɓangare kuwa man da dama can ba mu muke shansa ba. A 2022 kaɗai tallafin ya ci fiye da naira tiriliyan 4, kuma tun 2012 binciken majalisar wakilai ya bankaɗo yadda ake biyan kuɗin man da ba a shigo da shi ba.

Batun laifin wa ne kuwa, kowa da hannunsa a akushin. A Janairun 2012 Jonathan ya kai lita daga naira 65 zuwa 141, aka yi zanga-zanga ya dawo da ita 97, kuma cikin masu sukarsa a lokacin har da waɗanda suka cire tallafin daga baya. A 2016 gwamnatin Buhari ta kai ta 145. Kasafin da Buhari ya bari bai tanadi kuɗin tallafi ba sai zuwa watan Yunin 2023. Tinubu da Atiku da Obi duk sun faɗa a yaƙin neman zaɓe cewa za su cire shi, bambancin kawai yadda kowa ya ce zai yi. Abin da za a iya ɗora wa wannan gwamnati ita kaɗai shi ne ta cire shi rana ɗaya ba tare da tanadi ba, sannan bayan makonni biyu ta saki naira, wadda ta faɗi daga wajen 460 a kan dala har ta wuce 1,500 a farkon 2024. Bugu biyu a wuri ɗaya.

Yanzu ga rumbun ɗan kabu-kabu. A nan zan ɗan daɗe, don labarin da ya ji rabi ne.

Amurka ta kafa rumbun manta na ko-ta-kwana a ƙarshen 1975, zamanin Shugaba Gerald Ford, bayan ƙasashen Larabawa sun hana ta mai a 1973 saboda goyon bayan Isra'ila. Ba tankuna ba ne a fili. Manyan koguna ne da aka ƙwaƙule a cikin duwatsun gishiri a ƙarƙashin ƙasa, a wurare huɗu a jihohin Texas da Louisiana, kusa da matatun bakin teku. Suna iya ɗaukar ganga fiye da miliyan 700, kowace ganga kuwa lita 159 ce. Abin da ke ciki ɗanyen mai ne. Idan shugaba ya ba da umarni, ba rabawa ake yi kyauta ba, kuma ba a karya farashi: gwanjo ake yi, kamfanin da ya fi tayi ya saya, ya kai matata ya tace. Fatan shi ne yawan kaya a kasuwa ya sa farashi ya lafa.

An buɗe shi a 1991 lokacin yaƙin Iraƙi na farko, da 2005 bayan guguwar Katrina, da 2011 da man Libiya ya tsaya. Buɗewa mafi girma da aka fi magana a kanta ita ce ta ƙarshen Maris 2022, bayan Rasha ta shiga Yukren: Biden ya saki ganga miliyan 180, kimanin miliyan ɗaya a kullum har wata shida. Adadin na da ban tsoro a kunne, amma Amurka na shan kusan ganga miliyan 20 a rana, don haka duka-duka man kwana tara ne. Duk da buɗewar, a watan Yuni galan ɗin fetur, wato lita 3.8, ya haura dala 5. Ma'aikatar kuɗin ƙasar da kanta ta ƙiyasta cewa sakin, haɗe da na ƙasashen da suka taya ta, ya rage tsakanin senti 17 zuwa 42 a kan galan (senti 100 ne dala ɗaya). Ko ka ɗauki babban adadin, bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. In ka juya shi zuwa lissafinmu, kamar lita tana naira 900 ne a rage maka abin da bai kai 80 ba. Sauƙi ne, amma ba zai mayar da kai farashin zamanin tallafi ba. Kuma zuwa tsakiyar 2023 rumbun ya sauka ƙasa da ganga miliyan 350, mafi ƙaranci cikin shekara 40.

Siyasarsu ma irin tamu ce, har na yi mamaki. Biden ya ce tsadar ta Putin ce, ya kuma zargi kamfanonin mai da haɗama. 'Yan adawa suka riƙa manna hotonsa a jikin famfunan gidajen mai yana nuna farashi da yatsa, suna cewa ya kwashe ajiyar yaƙi ne don zaɓen majalisa na Nuwamba. A shekarar 2000 an yi irin wannan: Clinton ya saki ganga miliyan 30 ana saura makonni zaɓe, mataimakinsa Al Gore na takara, Bush ya ce siyasa ce. Abin da ya fi ba ni darasi shi ne 2020. Annobar korona ta karya farashin ɗanyen mai warwas, Trump ya ce a cika rumbu tunda kaya ya yi araha, majalisa ba ta ba da kuɗin ba. Kowane manomi ya san da kaka ake cika rumbu, lokacin da hatsi ba ya da daraja. Amma ba ɗan siyasar da ke samun tafi don ya cika rumbu, a buɗewa ake samunsa.

Da za a yi irinsa a Najeriya, kwafin na Amurka ba zai amfane mu ba. Mu ɗanyen mai muke sayarwa, ba shi muke rasawa ba. Abin da ke yanke mana shi ne tataccen fetur. Matatun gwamnati na Fatakwal da Warri da Kaduna, masu ƙarfin ganga 445,000 a rana a takarda, sun shafe shekaru ba abin kirki. Matatar Dangote mai ganga 650,000 ta fara sayar da fetur a Satumban 2024, ta kuma sauƙaƙa layi sosai, amma tana Lekki, a bakin teku, kuma ita ɗaya ce. Gyaran inji ko saɓani da ƙungiyoyin ma'aikata, irin wanda aka yi a Satumban 2025, ya isa ya girgiza ƙasa. Rumbun da zai yi wa Basakkwace amfani dole ya zama na fetur, kuma ya kasance kusa da shi. Akwai daffon mai a Gusau, wanda aka gina don bututu ya kawo masa mai daga Kaduna. Ajiyar da ke Legas, ranar da hanya ta toshe, da ita da babu duk ɗaya ne a wurinmu.

Sai dai fetur ba gero ba ne. Ɗanyen mai na iya shekaru a kogon gishiri, fetur kuwa yana lalacewa cikin watanni, dole a riƙa sayar da tsoho ana zuba sabo. Amurka ma ta gwada ƙaramin rumbun fetur na ganga miliyan ɗaya a 2014, bayan guguwar Sandy, ta sayar da shi a 2024. Kuɗin kuma ba kaɗan ba ne. A ce muna shan lita miliyan 50 a rana, ajiyar wata ɗaya lita biliyan 1.5 ke nan, cikin tanka fiye da 33,000 masu ɗaukar lita 45,000. A kan naira 900, ya haura tiriliyan 1.3. Da yawa ne, amma dubi bambancin: wannan sau ɗaya za a zuba, kuma kayan na nan ana juya shi, tallafi kuwa ya ci ninki uku na wannan a shekara guda, ya ƙone ya bi iska. Dokar man fetur ta 2021 ma ta riga ta ɗora wa hukumar da ke kula da rarraba mai alhakin tanadin ajiyar ƙasa. Ba sabuwar doka ake jira ba.

A nan ne tambayar Kawu ke da nauyi. Tarihinmu da rumbu ba mai daɗi ba ne. A 2004 Obasanjo ya buɗe asusun rarar kuɗin ɗanyen mai, ya kai kusan dala biliyan 20 a 2008, gwamnoni da tarayya suka yi ta rabawa har abin da ya rage a 2023 bai kai dala miliyan ɗaya ba. A Oktoban 2020 mun ga jama'a na fasa ɗakunan ajiya suna fito da abincin korona da aka kulle. Muna son kawo ƙissar Annabi Yusuf, Alaihis Salam, idan ana maganar tanadi, amma mukan tsallake cewa amana da sanin aiki ne suka sa aka danƙa masa taskokin Masar. Sata a rumbu da sata a tallafi duk suna yiwuwa. Bambancin da na gani shi ne tanki ana iya zura sanda a auna shi. Tallafi kuwa takarda ce da ke cewa jirgi ya sauke kaya, kai da ke Sakkwato ba ka da hanyar sanin ko jirgin ya taɓa zuwa.

Ta fuskar iyaka, rumbu ya yi wa tallafi nisa, don man da aka sayar a farashin kasuwa ba ya da ribar tsallakawa Ƙonni. Ta fuskar wa ke amfana, tallafi ya fi ba mai shan da yawa: Alhaji mai motoci huɗu da janareto ya fi mai babur ɗaya kwasa, balle tsohuwar da ke ƙauye ba ta da ko keke, kodayake ita ma kuɗin mota da na niƙa na shafarta. Ta fuskar abin da za ka ji a aljihunka gobe da safe kuwa, tallafi ne ya yi nasara, ba tantama. Rumbu ba za ka san da shi ba sai ranar da aka yi yajin aiki ko gada ta karye, ka je gidan mai ka tarar ana sayarwa ba layi.

Akwai abin da dukansu biyu ba su taɓa ba, shi ne dala. Da dala ake kimanta ɗanyen mai, ko da a Lekki aka tace shi, har ma bayan tsarin sayar wa matatun gida ɗanye da naira da aka fara a Oktoban 2024. Duk ranar da naira ta faɗi, tallafi zai ƙara cin kuɗi, cika rumbu zai ƙara tsada. Ana kuma maganar iskar gas ta motoci a matsayin mafita, kuma ta fi fetur araha inda ake samunta, amma bututun gas ɗin da ya taso daga Ajaokuta ya bi ta Kaduna ne ya tsaya Kano. Kafin ka kashe kuɗi ka juya injin motarka, ka fara sanin inda za ka riƙa cikawa da nisansa daga gidanka.

To wanne ya kamata mutum ya ba muhimmanci? Ya danganta da abin da ya fi kashe shi. Ga irin su Kawu, ƙaranci ya fi tsada haɗari. Albasa a watan Fabrairu ba ta jiran a gama yajin aiki. Mai mai tsada yana rage riba, amma kwana biyar ba ruwa na iya cinye uwar kuɗin gaba ɗaya. Shi rumbu ne nasa, ko da bakinsa na kiran tallafi. (Na kuma gaya masa, in ya samu hali, famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana ya fi duk alkawuran nan, tunda rana dai ba mu rasa ta a Sakkwato.) Ɗan kabu-kabu da mai agwagwa-da-buje kuwa tsada ce ke cin su kullum, don fasinja ba ya yarda a ƙara masa daidai da ƙarin mai. Abin dariya, shi yaron da ke yabon rumbu shi ya fi buƙatar sauƙin farashi. Amma sauƙin da zai isa gare shi ba tare da ya ratsa hannun 'yan fasa-ƙwauri ba sai an ba shi kai tsaye, a matsayinsa na mai sana'ar sufuri mai rajista, ba a zuba wa kowace lita a ƙasa ba. Ma'aikaci kuma ya tuna cewa tun da aka cire tallafi kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai. Kuɗin tallafinsa na can, kuma tambayar inda suka shiga ba sai ya je Abuja zai yi ta ba.

Ni dai in aka tilasta mini zaɓi ɗaya, rumbu zan ɗauka, ina sane da cewa ba zai sauko mini da farashi ba. Amma ba zan karɓe shi a baki ba. Duk ɗan takarar da ya zo da shi, zan so in ji a ina za a ajiye, man kwana nawa, wa ke riƙe da makulli, wane sharaɗi ne zai sa a buɗe, kuma ko za a riƙa wallafa abin da ke ciki duk mako kamar yadda Amurka ke yi. Wanda ya zo da tallafi kuwa tambaya biyu ta ishe shi: daga wane aljihu, kuma me zai yi da hanyar Illela?

Wani abu guda da nake roƙo kada a yi shi ne rumbun gida. Da an ji ƙishin-ƙishin ɗin ƙarin farashi sai ka ga ana jera jarkoki a zaure ko a ɗakin da yara ke kwana. A zafin Afrilu na Sakkwato, da ke haura digiri 40, jarkar roba na kumbura, tururin fetur na bin ƙasa har ya iske murhu. Abin da ya faru a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, inda mutum fiye da 150 suka rasu wajen kwasar man tankar da ta faɗi, bai kamata ya fita daga zukatanmu da wuri ba. Mai injin ban ruwa da dole sai ya ajiye, ya ajiye na 'yan kwanaki, a inuwa, nesa da wuta da wurin kwana.

Washegari na raka Kawu tasha. Na maimaita masa lissafin nan a gurguje yana ɗaure jarkokinsa a bayan mota. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To na ji, ɗana. In sun zo kamfe ka tambaye su makullin. Ni albasata na jiran ruwa."